Bazarar da Sanƙarau Ya Kama Yayana

Mun gama cire albasa ke nan muna jera ta a rumbuna, sanƙarau ya shigo Jiga Birni. Yayana, wanda muke noma tare tun rasuwar mahaifinmu, ya dawo daga fadama da hantsi yana dafe da kai. Kafin la'asar wuyansa ya sandare, ko haske ba ya son gani.

Na ɗora shi a babur, maƙwabcinmu ya riƙe shi ta baya, muka nufi wani ƙaramin asibiti da ke kusa. Ma'aikacin da muka tarar ya taɓa wuyan Yaya, ya girgiza kai.

"Sanƙarau na," ya ce. "Kuma ban da allura ko guda."

Raina ya ɓaci. Na ce, "To, Likita, zaman mi kaka yi nan?"

Bai yi fushi ba. Ya buɗe mini firij, babu komai a ciki sai ɗumi, batirinsa ya daɗe da mutuwa.

"Tun da zahi yat taso nika kai kuka sama. Kullum sai su ce tana tahe. Ku wuce babban asibiti, kak ku tsaya."

A can mun tarar gadaje sun cika. Marasa lafiya na kwance kan tabarmi a gindin dogonyaro, an rataya ledojin ƙarin ruwa a rassa. Mutanen Karaye, wani gari a yankinmu, su ma suna nan da nasu. Wata ma'aikaciya da idanunta suka yi ja don gajiya ta durƙusa a ƙasa ta yi wa Yaya allura. Allah Ya tashi kafaɗunsa, amma ciwon ya tafi da jinsa gaba ɗaya.

Sai da muka binne yara a unguwarmu sannan fararen motocin jami'an lafiya suka iso. Wani ya ɗauki lasifika yana cewa mu daina cunkoso a ɗaki, mu riƙa buɗe taga. Limaminmu, dattijo ne, ya ce masa, "Ɗana, ɗakunanmu da yawa ba su da taga. Riga-kahin muka jira."

"Ku yi haƙuri, Baba, tana hanya."

Suka ɗauki hoto da mu, suka bi hanyar Jega.

Allurar riga-kafin ta zo bayan ruwan farko ya sauka, cutar ta riga ta lafa da kanta. Ranar kuwa kowa yana gona wajen shukar gero, babu wanda aka sanar. Masu allurar suka zauna a ƙofar mai gari har azahar, suka tattara kayansu. Daga baya na ji a kasuwar Aliero ana cewa wai mutanenmu ne suka ƙi fitowa. Wannan maganar ta fi komai ƙona mini rai.

Yaya yana nan da ransa. A masallaci yanzu gefena yake tsayawa, yana satar kallon kafaɗata don ya san liman ya yi ruku'u.