Wa Ke Shanye Ruwan Baba?

Ni dai tun farko hankalina bai kwanta da yadda kular nan take dawowa wayam ba. Mutumin da sai an kai ruwa rana da shi kafin ya kurɓi rabin moɗa, a ce dare ɗaya ya zama raƙumi? Haba. Amma bari in faro zancen daga tushe.

Cikin watan azumi ciwo ya kayar da Baba. Ana irin zafin nan na Potiskum da ko ƙadangare sai ya nemi inuwa, ya dawo daga kara, kasuwar shanun da yake dillanci a cikinta tun ba a haife ni ba, ya dafe kwiɓi ya durƙushe a zaure. A asibiti aka ce tsakuwa ce a ƙoda, ƙodar ma kanta ta soma gajiya. Aka yi ta ƙara masa ruwa, sauran azumin duk a gadon asibiti ya sha shi. Ranar sallama likita ni ya kalla, don ni ce babba, mahaifiyarmu kuma ta daɗe da rasuwa. Ya ce Baba ya riƙa shan ruwa da yawa, ya rabu da lemon kwalba, azumi kuwa kada ma a yi zancensa sai ya sake duba shi. In aka yi wasa, ƙarshenta wankin ƙoda ne. A Yobe ba a buƙatar a yi wa kowa bayanin wankin ƙoda, kusan kowace unguwa akwai gidan da ya shiga ya bar su da kuka.

To, Baba ya ce shi da ruwa haihata-haihata. Tunda ya kwanta bakinsa ya yi ɗaci, in ya kurɓa sai ya ce kamar yana tsotsar ƙarfe. In na matsa sai ya harare ni ya ce, "Uwata, ni sa ne da za a yi ta kora ni mashaya?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata, kuma ya fi faɗin sunan da daɗi idan yana shirin ƙin abin da na ce.

Wata abokiyar aikina a firamaren da nake koyarwa ita ta ba ni dabara. Ta ce in yayyanka kankana da kokwamba siri-siri, in zuba a ruwa, in sa lemon tsami da ganyen na'a-na'a, in rufe in bar shi ya jiƙa. Ba a markaɗawa, ba a matsewa, ba sukari. Ruwan yana nan a ruwansa, ƙamshi kawai yake ɗauka da ɗan garɗi. Karon farko na bar lemon da ɓawonsa ya kwana a ciki, da safe na kurɓa na tofar, wallahi maɗaci albarka. Daga nan na koyi feraye ɓawon da cire 'ya'yan. Da na idar da sallar asuba nake haɗawa da ruwan randa, a hanya in sayi ƙanƙara wurin mai sola, tunda wuta sai ta ga dama take leƙo mu.

Ranar da na fara kai masa, Baba ya leƙa cikin kular ya daɗe yana kallo.

"Me kika narka a ciki? Maganin asibitin ne kika biyo da shi ta bayan gida?"

Na ce babu komai sai abin da idonsa ya gani. Ya ce in sha tukuna. Na sha a gabansa, ya jira ya ga ban yamutsa fuska ba, sannan ya kai kofi baki. Ya shanye ya ce, "Ba laifi." Wanda ya san Baba ya san ba-laifinsa ya fi sannu-da-aikin wani tsada.

Haka na ɗauki aikin. Kullum da safe in hau adaidaita da tsohon cikina, in sauke kula a zaure, in wuce makaranta, bayan la'asar in biyo in ɗauka. Kwanakin farko rabi nake tararwa, in yi ta mita. Bayan an kwana biyu da ƙaramar Sallah sai kula ta fara dawowa babu ko ɗigo. Na yi murna, har na kira ƙanwata a Fika na yi mata albishir. Murnar ba ta je ko'ina ba, don ni ina da ido. Mai shan ruwa kamar haka, me zai sa leɓensa ya tsattsage? Idanunsa suka faɗa, muryarsa ta dushe. In na zauna da shi da yamma ba na ganin ya ɗauki buta ya zagaya. Sannan hatta yankakkiyar kokwambar da ke kwance a gindin kula an tsince ta tas, alhali Baba abincin awaki yake ce mata.

Wadda na fara zargi matar ƙanena ce, don ita ke cikin gidan, ita ke dafa wa Baba abinci. 'Yar Gadaka ce, irin sumumu-kasau ɗin nan da ba ka jin motsinsu, ni kuwa mai yawan shiru ban cika yarda da shi ba. Na ce a raina lallai ita ke juyewa ta kai ɗaki. Har kofunanta na bi ina sunsunawa a madafa kamar wata kyanwa, Allah ya yafe mini. Da ban ji ƙamshin na'a-na'a ba sai na tare ta kai tsaye.

"Wallahi Yaya ban taɓa buɗe kular nan ba," in ji ta.

"To Baba yana sha?"

Ta sunkuyar da kai tana gyara ɗaurin zane. "Kular dai tana ƙarewa, Yaya."

Ka ji amsa! Na tambayi gabas ta nuna mini yamma. Rantsuwarta gaskiya ce, na gani a idonta, amma akwai abin da ta taka da ƙafa ba ta son in gani.

Sai na koma kan Baffa, aminin Baba. Bafulatani ne daga wajen Damagum, ya sayar da yawancin shanunsa ya dawo gari, kullum yana zauren Baba tun hantsi har magariba. Da can gaisuwa kawai ke haɗa mu, amma a 'yan kwanakin nan da ya hango ni sai fara'a, har da tashi ya karɓi kular da hannunsa. Ran nan bakinsa ya suɓuce ya ce, "'Yata, ganyen nan mai ƙamshi, a ina ake samunta?" Na ce, "Baffa, wane ganye?" Ya hau tari. Baba ya yi caraf ya ce ɗanɗana masa ya yi sau ɗaya, ko shi ma laifi ne?

Ban yi musu ba, ba a ja da manya. Washegari na zo da kula biyu, na ce wannan ta Baffa ce, wannan ta Baba, kowa ya ji da tasa. Na ce yau zan ga ƙarshen wayo. Da yamma duka biyun suka dawo a bushe. Kafin mako ya zagayo, mutanen layin da ban saba ko gaisawa da su ba suna ɗago mini hannu, "Malama, Allah ya yi albarka!" Telan da ke maƙwabtaka da gidan har tsayar da adaidaita ya yi, wai in an samu abarba a riƙa jefawa, tana ƙara armashi. Oh ni! Ashe gidan biki na buɗe ban sani ba. Ina tashi da asuba ƙafa a kumbure ina yanka kankana, 'yan unguwa suna ta sheƙe aya, wanda aka yi domin shi yana bushewa kamar kilishi.

Na yi fushi, amma tsoro ya fi fushin yawa. Abin da na kasa ganewa shi ne dalili. Da bakinsa ya ce ruwan ba laifi, na kuma ga yana sha a farko. Na yi tunanin ko wani mai maganin gargajiya ne ya hana shi, don kara ba ta rasa masu tallar saiwa. Na yi tunanin ko ya gaji da duniyar ne, wannan tunanin kuwa ya hana ni cin abinci.

Wata Laraba na ce wa shugabar makaranta ƙafata ta matsa mini, kuma ba ƙarya na yi ba. Na sauka a bakin layi ana fitowa daga sallar azahar, rana kamar ta sauko ƙasa, na lallaɓa ta jikin katanga. A zaure na tarar da Baffa da tela da wani da ban ma sani ba, kowa da kofi a hannu. Kwanon abincin ranar Baba yana gaban Baffa, ya ci rabi. Baba kuwa yana jingine da bango a kan buzu, ido a lumshe, yana jan carbi da ƙyar. Sallamata kawai suka ji, tela ya tuna ya bar ɗinki, baƙon ya bi shi, Baffa ya ajiye kofi a hankali ya nemi takalmansa.

Na ɗauraye kofi, na cika shi, na durƙusa gaban Baba.

"Baba, ga ruwa."

"Ajiye, Uwata, zan sha."

"A gabana nake so ka sha."

"Yanzu na sha."

"To ƙara."

Ya buɗe ido ya dube ni, na dube shi. Ni ma ai jininsa ce, taurin kan ba a ƙasa na tsince shi ba. Muka yi ta zama haka har ƙanƙarar da ke cikin kofin ta narke. Can ya kawar da kai ya ce, "Azumi nake."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai da na dafa ƙasa. Ashe tun bayan Sallah yake ramuwar azumin da ya sha a asibiti, a wannan bazarar, da wannan ƙodar. Matar ƙanena ke ba shi sahur, ya sa ta yi alkawarin ba za ta faɗa ba. Tana laɓe a bakin ƙofar cikin gida tana hawaye, na juya na zazzage mata abin da ke bakina, na ce in ya mutu ita ta kashe shi. Baba ya daka mini tsawa, ya ce in bar yarinyar mutane, umarninsa ta bi.

Na ce, "Baba, likita fa ya hana. Malamai ma sun ce marar lafiya ya jira sauƙi, in ciwon ya ƙi ƙarewa ya ciyar. Ka bari sanyi ya shigo mana, rana ta gajarta, sai mu tambayi likita."

Ya yi wani murmushi da ban so ba. "Tun ban fi haka ba nake azumi. Na bi shanu a ƙasa da azumi a bakina, na kwana a bayan tirela zuwa kudu da azumi a bakina, ban taɓa shan ko ɗaya ba sai bana. Ke wa ya yi miki alkawarin zan ga sanyi? So kike in je gaban Ubangijina da giɓi?"

Karatunsa ya fi nawa, kuma kan mutuwa gaskiya ya faɗa. Na ajiye kofin a tsakaninmu, na gyara zama a kan simintin da ke ƙuna, na miƙe ƙafafuna da suka yi suntum.

"Shi ke nan, Baba. Ni ma tun safe ban sa komai a bakina ba sai shayi. Daga yanzu duk abin da ka sha shi zan sha. Ranar da ka yi azumi, ni da abin da ke cikina mun yi."

"Kada ki kawo mini shashanci. Ke ba a ɗora miki ba."

"Kai ma ba a ɗora maka ba."

Ya ce zai saɓa mini, na ce na ji. Ya kira matar ƙanena ya ce ta kawo mini ruwa, ta kawo, na ture. Gumi yana bin bayana, maƙogwarona kamar an zuba yashi, jiri ya fara ɗibata, kuma wallahi ba wasa nake ba, na riga na ƙudurta. Yana ta satar kallon cikina yana kawar da kai. Baffa, wanda ashe bai yi nisa ba, ya leƙo ya ce a hankali, "Alhaji, ka ji tsoron Allah a kan yarinyar nan."

Sannan Baba ya sa hannu ya ɗauki kofin. Ya yi bisimilla ya sha, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Tunda nake ban taɓa ganin kukan Baba ba, ko ranar da aka binne mahaifiyarmu. Ya miƙo mini sauran ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Sha."

Mako guda bai amsa gaisuwata da baki ba, sai dai da kai. Amma yana sha, a gabana, leɓensa ya warke, kuma har yau ba a kai ga wankin ƙoda ba, alhamdulillahi. Sanyi ya shigo muka koma asibiti, Baba ya sa babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ya tambayi likita da bakinsa. Likita ya duba sakamakon gwaji ya girgiza kai, ya ce ba bana ba, ba baɗi ba, Baba ya riƙa ciyarwa kawai. Azumin da na karya masa da rana tsaka a ranar Larabar nan shi ne na ƙarshe da ya ɗauka.

Yanzu duk watan azumi ba ya zama a zaure. Ɗakinsa nake kai masa ruwan, kuma ya roƙe ni in riƙa rufo shi da mayafi don kada jikokinsa su gani. In na zuba masa sai ya ce in ja ƙofa, ya juya fuskarsa bango, sannan ya sha.