Murhun ƙaiƙayin Yaya Mariyama

Shekara tara ke nan cif da rasuwar yayata Mariyama. Duk shekara idan watan ya zagayo mukan taru a gidanta na unguwar Gamkalley a Yamai, a yi saukar Alƙur'ani, a raba sadakar masa, kowa ya kama gabansa. Bana ma mun yi. Sai dai na dawo gida zuciyata ba ta kwanta ba, shi ya sa na roƙi wannan fili in yi magana a kanta.

Ita ta ɗauko ni daga Maradi bayan rasuwar mahaifinmu, ina shekarar farko a kolej. Mijinta mai garka ne a bakin kogi, yana noman salati da kabeji da yalo. Ita kuma tana suyar ƙosai da farin masa da safe a bakin hanya, da rana ta sayar da dambu da kopto, wato kwaɗon zogale. A kan murhun duwatsu uku ta yi wannan sana'a fiye da shekara ashirin. Ban taɓa sanin idonta fari ba, kullum ja yake saboda hayaƙi, kuma tarinta ne yake tashe ni tun kafin ladan ya kira salla. Da wannan suyar na yi karatu har na fito da takardar aikin fasaha.

Itace shi ne babban abin da ya dame ta. Takan ce kamiyon da ke kawo shi a da daga bayan gari yake tasowa, yanzu kuwa sai ya kwana a hanya, kuma abin da yake saukewa ɗanye ne, sai hayaƙi ba wuta. A lokacin masu injin casar shinkafa na bakin kogi suna tara ƙaiƙayi tsibi-tsibi su cinna masa wuta, ya yi kwanaki yana ci a hankali yana turnuƙe unguwa. Wata rana ta je kai wa mijinta abinci, ta tsaya tana kallon irin wannan tsibi. Ta lura cewa inda ya rufta ya yi rami, harshen wuta yana fitowa tsaf babu hayaƙi. Ranar ta dawo da buhun ƙaiƙayi a ka.

Tsohon bokiti ta fara samu. Ta huda shi ta ƙasa, ta tsayar da taɓarya a tsakiya, ta danna ƙaiƙayi kewaye da ita, ta zare taɓaryar ta bar rami. Hayaƙin da ya tashi ranar sai da ya kori maƙwabta daga ɗakunansu. Ni ina gefe ina dariya, har na ce mata da ƙaiƙayi yana dafa abinci da masu ilimi sun riga ta. Ta nemi wani maƙeri Bazabarme a kasuwar Katako, Hamani, wanda ya san aikin tol, wato fallen ƙarfe, suka shafe kusan shekara biyu suna yanka suna liƙawa suna zubarwa. Hausarsa ta kasuwa ce, Zabarmancinta ma haka, amma da hannu suke fahimtar juna. Daga ƙarshe ta sa ya yi wa murhun bango biyu, da ƙananan huji a kewayen bakinsa, yadda iska za ta bi tsakanin bangayen ta yi zafi ta fito ta sama ta cinye hayaƙin. Ita yadda take bayani shi ne wuta tana son ta yi numfashi sau biyu, ta ƙasa da ta sama. Baƙin ragowar da ke saura kuma mijinta ya riƙa zubawa a fangalinsa, ya ga ƙasar tana riƙe ruwa fiye da da.

Nan ne dariyata ta tsaya. Na ɗauko ma'auni na gwada, na zana shi a takarda, na fahimci abin da ta yi ya fi ƙarfin dabarar mai suya. Yana rage saran itace, yana hana ƙona ƙaiƙayi a banza, kuma wani ɓangare na abin da zai tashi sama ya ɗumama duniya yana komawa cikin ƙasa ya zauna. A daidai lokacin ina zaman jiran aiki, sai na ji a rediyo wani proje mai kula da sauyin yanayi yana neman ƙirƙire-ƙirƙiren 'yan ƙasa. Na haɗa dosiye da Faransanci. Da na zo wurin da aka ce a rubuta sunan wanda ya ƙirƙiro, na rubuta nawa.

Na gaya wa kaina cewa mai takardar makaranta za su fi saurara, kuma idan abin ya karɓu zan gyara. Gaskiyar ita ce babu inda aka ce sai mai takarda. Ina son aikin ne, kuma ina jin kunyar a ce abin da na kawo na mai ƙosai ne.

Aka kira mu nuni a harabar wani otel a bakin kogi. Dole na tafi da ita, don ni ban taɓa iya kunna murhun ya kama da kyau ba. Ta sa atamfarta ta salla wadda ta saya a Babbar Kasuwa, ta ɗaura kallabi sabo. Ina tsaye ina bayani da Faransanci, ita tana durƙushe tana danna ƙaiƙayi. Wuta ta kama shuɗiya, ta ɗora kasko, ta soya musu farin masa suka ci suna yabawa. Sai direktan projen ya nuna ta ya tambaye ni wace ce wannan baiwar Allah. Na ce benefisiyer ce, wato ɗaya daga cikin matan da ke cin moriyar abin. Aka tafa mini. Na kalle ta, tana juya farin masa a kasko, ba ta ɗago kai ba.

A taksi muna komawa, murhun yana but ɗin motar, muka wuce gada. Sannan ta ce:

"Isufu, kalmar nan da ka faɗa wa mutumin, benefisiyer, me take nufi?"

Na ce ai tana nufin mai aiki da murhun.

"Na san abin da take nufi. Shekara nawa ina sayar wa ma'aikata abinci. So nake in ji ko za ka faɗa mini da bakinka."

Da muka isa gida ta cire atamfar ta ninke, ta ɗaura zanen aiki, ta jiƙa waken gobe.

Na sami aikin. Aka sa wa murhun suna da haruffan projen, aka ba maƙera da yawa su ƙera, aka kai shi garuruwan da ake noman shinkafa. Na hau jirgin sama karon farko a rayuwata saboda shi. Ita kuwa ba ta sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya. Idan maƙwabta sun tambaya, da fara'a take ce musu ƙanenta ya zama babban ma'aikaci. Akwai lokacin da wani rukunin murhunan ya riƙa hayaƙi, mata suka fara mayar da su, hankalin kowa a biro, wato ofishinmu, ya tashi, ni kuma na rasa dalili. Na ɗauko ɗaya na kai mata. Ta zura ɗan yatsa a hujin baki, ta ce sun buɗa shi da yawa, a ce su rage, kuma su ɗaga gindin kaɗan. Aka yi haka, hayaƙi ya ɗauke. A rahoton da na rubuta na ce bincikenmu ne ya gano matsalar. Wannan laifin na biyu ya fi na farkon yi mini ciwo yanzu, domin lokacin ba na jiran aiki, ba ni da abin da zan fake da shi.

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da ita. Likita ya ce hayaƙin shekarun baya ya riga ya yi ɓarnarsa tun kafin murhun ya zo. Na yi abin da ƙane zai yi, na kai ta asibiti, na yi jinya. Wata rana da la'asar muna mu biyu, na tattara ƙarfin hali na ce mata akwai maganar ranar otel da nake son mu yi. Ta ɗaga hannu ta dakatar da ni.

"Ba yanzu ba, Isufu. Numfashina ba zai kai ba. Bari in fito, sai mu yi ta a gida a natse."

Ba ta fito ba. Har yau ban san abin da ta yi niyyar faɗa mini ba, yafewa ce ko faɗa ne. Na yi shekaru ina da damar in tambaye ta, na jira sai da magana ta yi mata nauyi.

Nakan yi tunanin abin da za ta ce da ta ga Yamai ta yau. Garake da yawa a bakin kogi sun ajiye injin mai hayaƙi, pano ne ke jawo musu ruwa da hasken rana. Butel ɗin gaz ta shiga gidajen da a da ba su san ta ba, har babur mai tafiya da batir an fara gani a titi. A gefe guda kuma zafin bazara ya ƙaru har tsofaffi suna cewa ba su san irinsa ba, kogi ya sha ƙetare iyakarsa ya shiga gidajen mutane, unguwarta ma ba ta tsira ba. Na san ba za ta tsaya mamaki ba. Za ta zagaya panon ne ta tambaya ko mace ɗaya za ta iya ɗaga shi, kuma idan ya lalace wa zai gyara a unguwa. Ban taɓa jin an yi tambayar da ta fi waɗannan amfani a tarurrukan da nake zuwa ba.

Ita ba don duniya ta ƙera murhunta ba, don idonta ne da ƙirjinta. Ranar da na yi mata bayanin cewa hayaƙin murhu da na mota da na masana'antu suna taruwa a sama su rikita damina, dariya ta yi ta ce ita dai ba ta yarda ɗan hayaƙin ƙosanta ya kai can ba. Amma ta ce itatuwan da ta ƙona a rayuwarta, waɗannan kam ta san za a tambaye ta. Mu da muka san sunayen iskokin nan da Faransanci muna zama a ɗaki mai sanyi muna cewa sabuwar fasaha za ta zo mana daga waje. Masu hayaƙi a ido kuma mu jera su a shafin ƙarshe a matsayin masu cin moriya. Ban san mutum nawa aka yi wa haka ba. Na san mutum ɗaya, kuma ni na yi mata.

Bana na je biro na nemi a gyara sunan a takardu. Abokin aikina ya ce projen ya daɗe da rufewa, dosiyen yana cikin kwali, babu mai sake buɗe shi. Na je Katako neman Hamani, aka ce ya koma ƙauyensu, idonsa ya yi rauni. Sai na zaunar da Balkisa, babbar ɗiyar Yaya, na faɗa mata kome, ina tsammanin za ta yi fushi. Ta ce mini, "Kawu, ai a gabanmu Inna ta yi shi. Mu ba mu taɓa zaton naka ba ne." Ta ce uwarsu ce ta hana su magana, ta ce kada wanda ya taɓa mini aikina. Ashe duk shekarun nan da nake shiga gidan ana shimfiɗa mini tabarma, kowa ya sani.

Idan na auna abin da ya rage nata, ba shi da yawa a ido. Babu hotonta da murhun, babu sunanta a ko'ina. Maƙera sun ci gaba da ƙera shi ba tare da proje ba, kowa da ɗan canjin da ya yi masa. Akwai matan da ke suya yau idonsu fari, akwai itatuwan da ke tsaye a wani daji da ban sani ba. Wannan ba ya wanke ni, amma ladansa na san inda zai je, don can ba a duba dosiye.

Makon jiya na bi ta unguwar Harobanda, na ga wata mata 'yar garin Tawa tana suya a kan irinsa. Na tsaya na saya, na tambaye ta ko ta san wanda ya ƙirƙiro shi. Ta ce an ce Turawa ne suka kawo. Na ce mata a'a, wata mai ƙosai ce a Gamkalley, yayata ce, sunanta Mariyama, ta rasu. Matar ta ajiye matsami a bakin kasko, ta ɗaga hannu ta yi mata addu'a mai tsawo, har ƙosan ya fara ƙonewa. Da ta shafa, ta nuna mini sauran matan da ke jere a bakin hanyar, ta ce su ma da shi suke aiki, in je in gaya musu. Su biyar ne. Na bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mai karatu, idan ka ga murhun ƙaiƙayi mai bango biyu a bakin hanya, na Mariyama ne. Ka sa ta a addu'arka. Allah ya haskaka kabarinta, ni kuma ya yafe mini abin da ban samu na roƙe ta ba.