Motar da ta koya mini ladabi

Muna tsayawa a ƙofar gidan surukina a Gwarinpa, ya kai hannu zai buɗe mota ya sauka, sai na yi wuf na fita, na zagaya da gudu na buɗe masa, har da ɗan rusunawa.

Ya daɗe yana kallona. "Kai Sani, yaushe ka yi hankali haka?"

"Baba, ai girmanku ne."

Ya juya wajen 'yarsa. "Hauwa, ki riƙe mijin nan da kyau. Irinsu sun ƙare a Abuja."

Gaskiyar magana, a gwanjon 'yan sanda na sayi motar nan kwanan baya, ina ta murnar na samu banza. Da na kai ta wajen bakanike a Tungan Maje, ya leƙa ya ce, "Oga, ta 'yan wan-cans ce fa." Wato ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja su yashe shi a hanya. Sun tsinke wayoyin ƙofofin, babu wadda ke buɗuwa ta ciki sai ta direba.

Hauwa ma ba ta sani ba, don ban taɓa bari hannunta ya riga ni ba. Duk ƙawayenta sun ji labarin sabon halina, naman miyata kuma ya ƙaru.

Jiya bakanike ya kira, wai kayan gyara sun iso. Na ce zan neme shi.

Abin da wa'azi ya kasa, ɓarayi sun yi. Jama'a, in gyara ƙofa, ko in ci gaba da zama mutumin kirki?