Sunan da Inna Ta Yanke da Almakashi

Shekarun baya, ina sabon malamin makaranta a Gadarif, na kamu da son zanen wani dattijo mai buga hoto da katako. Yakan sassaƙa hoton a jikin allo, ya shafa tawada, ya ɗora takarda ya murza da bayan cokali. Ya ce hannun na mahaifiyarsa ne, wadda ta taho da sassaƙar ƙwarya tun daga yamma a kan hanyar Hajji. Idon kuwa a gonakin Gedambaliya ya same shi, shekarun da ya yi yana yankan dawa. Shi ya sa hotunansa duk 'yan ƙwadago ne, da jakuna, da mata masu sheƙar riɗi.

Kowane zane guda ashirin yake bugawa, ya rubuta lamba da sunansa da fensir a ƙasa, sannan ya ba matarsa katakon ta hura wuta. Wannan ɗan rubutun shi kaɗai ne shaidar cewa daga hannunsa takardar ta fito. Na tara goma sha ɗaya, na jera a akwati na tura ƙarƙashin gadona, ina ta hura hanci kamar ni na sassaƙa su.

Wata rana na jawo akwatin don in burge abokina. Ina buɗewa sai na ga ɓarna. An yanke gindin kowace takarda, tsaf, a miƙe. Ba lamba, ba suna. Salati kawai nake yi.

"Inna! Wa ya taɓa akwatin nan?"

Ko ɗago kai daga jabanar da take dafa gahawa a ciki ba ta yi ba. "Ni ce. Duk karatunka, ka sa sunan Allah a ƙarƙashin gado kana kwanciya a kai? Kuma kusa da jaki!"

Ai kuwa sunan dattijon irin wanda ke ƙarewa da sunan Ubangiji ne, ni ko sau ɗaya abin bai taɓa zo mini a rai ba. Ta ce ta ƙona guntayen a wuri mai tsabta, ta binne tokar yadda ake yi. Wallahi na so in yi ihu, amma wa zai ɗaga wa uwarsa murya don ta girmama sunan Allah? Abokina kuwa dariya har da riƙe ciki.

Washegari na naɗe takardun na nufi gidan dattijon, in roƙe shi ya sake sa hannu. A hanya na tuna rabona da shi shekara biyu. Hotunan baya-bayan nan ma duk a wajen wani mai shago na saye su.

Na same shi zaune a rumfa, ya rame. Ya ji labarin, ya yi dariya har da tari.

"Hajiya ta fi ka sanin darajar sunan nan, ɗana. Kawo fensir."

Na miƙa masa. Hannunsa na dama bai tashi daga kan cinyarsa ba. Ya dube shi kamar ya manta, sannan ya kau da kai. Matarsa ta ce a hankali, "Tun waccan damina ɓarin nan ya shanye. Ba ka ji ba?"

Ban ji ba. Ni da nake cika baki a gari cewa babu wanda ya san shi kamata! Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa fuskata.

Ya sa aka ɗauko ragowar tawada, ta bushe sai da aka ɗiga mata mai. Ya ce, "Kama mini babban yatsan." Ni na ɗaga hannun nan mai nauyi, na dangwala a takardun ɗaya bayan ɗaya.

Yau masu tara zane kan ce nawa sun lalace, wai dangwale ba sa hannu ba ne. Ba na musu da su, kuma ban taɓa riƙe Inna a zuciya ba. Abin da har yanzu yake damuna daban ne: na iya adana takardun mutum, shi kansa na bar shi. Ya rasu kafin a yanke dawar shekarar nan. Da Inna ba ta ɗauki almakashi ba, da a bakin mai shago zan ji rasuwarsa.