Ƙwayoyin da ƙanena yake ƙulla mini

Mu a kafaɗa muke ɗaukar kaya, ba a ka ba. Doya, itace, duk a bayan wuya nake ɗora su har kasuwar Bwari. Shi ya sa da tudun nama ya fito mini a wurin ban damu ba. Na ce kanta ce irin ta ɗaukar kaya.

Gwiwa ce ta fara ciwo. Ƙanena yana da kemis a bakin titi. Ni na goye shi bayan rasuwar uwarmu. Shi yake ƙulla mini ƙwayoyi a leda, in sha kullum da safe. Ciwon ya tafi. Fuskata ta cika, ta zama kamar faifai. Mata a coci suna cewa, "Mama, hutu ya karɓe ki!" Amma ƙafafuna sun rame, cikina ya yi zane-zane jajaye. Wata rana na tsuguna in ɗauki doya, na kasa miƙewa.

A asibiti likita ta zazzage ledar a tebur, ta ware wata 'yar fara. Ta ce ita ce ta jawo mini duk wannan. Ta ce jiki yana yin irin wannan sinadari da kansa, daidai buƙata, ni kuma shekara uku ina ƙara masa. Ga hawan jini, ga ciwon suga.

"Kar ki daina rana ɗaya, Mama," in ji ta. "A hankali za mu rage. In kika yanke, za ki iya mutuwa."

Daga nan shagon ƙanena na nufa.

"Ka san abin da take yi wa mutum?"

"Yaya, kowa fa yana sha."

"Na ce ka sani?"

Ya juya yana gyara kwalaye. "Ke kika ce in ba ki fita ba yara ba za su ci ba."

Ashe ya sani.

Na so in watsa masa ledar a fuska. Ban watsa ba, ina buƙatarta. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ƙwayar da ta cuce ni, ita na ci gaba da haɗiya don in rayu, rabi, sannan rabin rabi.

Wata takwas kafin na rabu da ita. Fuskata ta dawo, tudun ya ragu, suga ya sauka. Hawan jinin ya zauna. Likita ta ce ƙashina ya yi rauni, ba ni ba kaya mai nauyi. Yanzu 'yata ke kai doya, ni ina zaune da tiren barkono.

Ƙanen nawa yakan wuce a babur, ya tsaya.

"Yaya, ya jiki?"

"Ga shi kana gani."