Mabuɗin Ɗakin Karatun Malam Shu'aibu

Ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa ranar Asabar na sauke kwalin takardun tambayoyina daga saman kabad, na miƙa wa mai ƙosai ta bakin layinmu. Shekara biyu suna jiran su zama digirin dakta. Yanzu dai sun sami aikin yi.

Kwana uku kafin nan, ina shan shayin safe, waya ta shigo: Malam Shu'aibu, mai duba bincikena, ya rasu bayan sallar asuba a gidansa na Tudun Wada. Kafin azahar mun kai shi makwancinsa.

Bincikena a kan yarda ne tsakanin Musulmi da Kirista a Kaduna ta Kudu. Na je wa Malam da furfura a gemu da tarin littattafai a ka, na riga na yanke hanya: a raba fom, a tara amsa, kwamfuta ta fitar da jadawali. Ya karanta tambayata ta farko a fili: "Ka yarda da maƙwabcinka mai wani addini? Sosai, kaɗan, ko a'a."

"Malam Bala," ya ce, "baƙo ya zo maka da takarda da biro, ya ce ka rubuta aibin maƙwabcinka. Kai za ka rubuta?"

Na ce haka manyan masana ke yi.

"Masanan nan sun taɓa zama a unguwar Trikania?"

Ban ji shawara ba. Na raba fom, amsa ta dawo: kusan kowa ya yarda da kowa sosai. In ka bi jadawalina, ba a taɓa ko ɗaga murya a garin nan ba. Malam bai yi mini dariya ba, ko da yake na cancanta. Ya cire tabarau ya ce, "Ba ƙarya suka yi maka ba, ladabi suka yi maka. Ƙididdiga ba ta da laifi, amma tambaya ce ke zaɓar hanya, ba girman kan mai tambaya ba. Je ka zauna da mutane, ka ji wa suke bar wa mabuɗi in za su tafi gida Sallah ko Kirsimeti."

Na ce kwamitin jami'a ba ya ba da digiri a kan hirar bakin titi. Bai tilasta mini ba. Da fensir yake gyara, bai taɓa sa jan biro ba. Sai dai duk haɗuwarmu, bayan gaisuwa, ya ce, "To, ina labarin mabuɗi?" Haka muka yi ta yi har wa'adina ya saura zango ɗaya, in ban miƙa aiki ba a soke sunana.

Ranar addu'ar uku aka so buɗe ɗakin karatunsa don ɗalibai su karɓi takardunsu, ba a ga mabuɗi ba. Hajiya, matarsa, ta aiko daga cikin gida: a jira Baba Yohanna. Can sai ga wani dattijo kafinta ya sauko daga keke, daga unguwar Kamazou. Dā maƙwabcinsu ne, kafin rikici ya sa ya tashi.

"Ni na yi masa ƙofar nan," ya ce yana laluben aljihu. "Ranar da zan tashi na kawo masa ɗayan mabuɗin, ya ce in ban gaji ba in ci gaba da riƙewa. Ban gaji ba."

Fom ɗina ba shi da gurbin wannan amsar.

Da ya buɗe ƙofar, babina na uku na kan tebur. A gefen shafin farko Malam ya rubuta da fensir: "Lokaci bai ƙure ba."

Na rubuta wa kwamiti ina neman sauya hanya zuwa zama da hira. Ko sun yi jinkiri, ranar Litinin ina shagon Baba Yohanna da littafina, kuma zan gama.

Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Hajiya da 'ya'yansa haƙuri, ya tsaya musu.

Malam, ni ne ban yi daidai ba.