Fedar Keken Mama

Wata Asabar da hantsi, wata shida da rasuwar Mama, ina tsugune a tsakar gidanmu na Talaje ina wanke kwanonin koko, Baba ya zo ya tsaya a kaina. Shekarata goma sha ɗaya. Ni ce ƴar fari, don haka bai taɓa kiran sunana ba, ko aikena zai yi sai dai ya faɗa wa Mama ta faɗa mini. Yanzu babu mai isar da saƙo. Ya yi gyaran murya har sau biyu, ya dubi katanga, ya ce, "Ke, keken ɗinkin nan a kasonki na gado ya faɗo. Ina son fedarsa. Kin yarda?" Na ce to, na ci gaba da cuɗa kwano. Wallahi ko kunnena ya ce yana so, to ɗin nan zan ce, don tun ranar da aka fita da Mama ban ƙara jin komai ba. Abinci ma turawa kawai nake yi.

Baba shofer ne na kamiyo, babbar motar kaya, ranakun hutu kuma yana kaɗa gitar a gidajen biki. Shekara biyu kafin nan jak ya zame masa a hanyar Doso, ya tafi da yatsu uku na hannunsa na hagu. Tuƙi ya ƙare, danna tsirkiya ma ya ƙare, keken Mama ya koma shi ke ci da mu. Da ta rasu sai Baba ya tare gindin dogon yaron da ke ƙofar gida, ba majalisa, ba rediyo. Tuwon da na kai masa, shi nake ɗaukowa ya yi ɓawo. Ana nan wata rana ya tafi kasuwar Katako, ya dawo da wani abu a kan pus-pus, amalanken da ake turawa, wai cikin tarkacen wani Bature da ya tashi daga unguwar Filato aka same shi. Gitar ce, amma kwance take a kan ƙafafu huɗu kamar tebur, tsirkiyarta goma. Ba a danna ta da yatsu, wani guntun ƙarfe ake zamewa a kai, wanda babban yatsa da manuni sun isa su riƙe, su ne kuwa suka rage masa. Sauran aikin na ƙafa ne: a taka feda, sanda ta ja tsirkiya, murya ta hau. To fedojin da sandunan duk an kwance su tun kafin ta iso Katako.

Damanar nan kaf a kanta ya yi ta. Ina dakan hatsi yana goge ƙarfe, na dawo daga pampo da tulu na tarar ya baje kusoshi a tabarmar salla. Ya fara da wayar birkin keke, ta riƙa miƙewa, sautin ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Ya koma sandunan tsohuwar laima, suka lanƙwashe. Ya cire fatar ƙofar madafa, ƙarfen da take juyawa a kai, ya haɗa da katako ya yi feda, ta yi ta girgiɗi ƙarƙashin ƙafarsa. Tsirkiya idan ta hau ba ta komawa daidai, sai da ya ɗaura mata resor, naɗaɗɗen ƙarfen nan na jikin sirdin keke. Ƴan matan gidan hayarmu, Hausawa da Zabarmawa, sukan bar wasan gala-gala su zo leƙe, suna tambayata ko babana jirgi yake ƙerawa. Nakan ce ban sani ba. A ƙarshe ya gane fedar keken ɗinki ce maganin abin, don ita gaba da baya take tafiya: ya danna da yatsun ƙafa murya ta hau, ya danna da diddige ta sauka.

Da Tanti Hadiza, ƙanwar Mama, ta ji labari, ko mayafi ba ta gyara ba ta iso. Ta tsaya tsakar gida tana tafa hannu. "Haba Malam Isufu! Kayan marainiya za ka yanka don kiɗa? Da me za ta kama sana'a?" Baba ya sunkuyar da kai ya ce ai yarinyar ta yarda. Tanti ta juyo kaina: "Ke kuma sakarya, abin da uwarki ta bar miki ke nan a duniya, buɗe baki ki ce a'a!" Na dube ta, na dube shi. Na san gaskiya take faɗa. Na kuma san tun da abin nan ya shigo gida Baba yake cinye tuwonsa. Na lalubi zuciyata ko akwai wani abu a ciki, babu. Na ɗauki tsintsiya na kama shara.

Mai walda ya zo ran Litinin ya yanke fedar da sandarta, aka tura kan keken ƙarƙashin gado. Bayan sati biyu, da la'asar, Baba ya jona gitar da tsohuwar lasifikarsa ya taka. Sauti ya fito mai ja, yana hawa yana sauka kamar kukan mace daga nesa. Maƙwabta suka cika zaure, wata tsohuwa Bazabarma tana share hawaye. Ni ina tsince shinkafa, ban ɗaga kai ba. Daga ranar Baba ya koma cikin mutane, shekara goma sha tara ana kiransa biki har ƙetaren kogi. Ni kuwa ɗinki a keken aro na koye shi, a shagon wani tela.

Yanzu ina da shagona a Kwara Kano, kekuna huɗu, duk na lantarki, babu mai feda. Baba ya rasu bara, gitar ta dawo hannuna. Wani mai gyara ya duba ya ce aikin yini ɗaya ne ya ciro fedar ya maida wa keken Mama, ya tashi garau, sai dai gitar ba za ta ƙara magana ba. Ya ce in yi shawara in kira shi. Suna nan a ɗaki ɗaya, na lulluɓe kowanne da zane, ina share musu ƙura ran Juma'a. A da ban ji komai ba na yanke hukunci cikin ƙiftawar ido. Yanzu da nake ji, na kasa.